Shagon da aka ce in kawo ganye kafin a sayar min da magani

Jama'a assalamu alaikum. Na daɗe ina son in rubuta wannan tun ƙarshen damana amma hidima ba ta bari ba, sai yanzu da na ga rumman ɗina sun fara sabon toho hankalina ya kwanta. Maganar wani shagon maganin gona ce a nan Damagaram, ta wajen Kasuwar Dole, da abin da na gani a wurinshi mai kyau da marar kyau. Ba zan faɗi sunan shagon ba don akwai inda zan yi ƙorafi kuma ba na son in ɓata wa dattijo suna, amma masu garka da yawa sun san shi, tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya ya buɗe ɗan shago.

Garkata tana kan hanyar Mirya, gado ce daga mahaifinmu Allah ya jiƙanshi. Akwai mangwaro, lemun tsami, gwaba kaɗan, sai rumman da a bara suke guda 14. Guda 9 tsofaffi ne tun na Baba, guda 5 kuma ni na sayo dashensu shekara 3 da suka wuce a hannun wani mai sayar da dashe a bakin hanya, ya ce min iri ne mai jan ciki sosai mai taushin ƙwaya. Duk wanda ya san ni ya san yadda nake ji da rumman ɗin nan. Itace ne da Allah ya ambata har sau 3 a Alƙur'ani, sau 2 a Suratul An'am sau 1 a Suratur Rahman, kuma a nan in ka ji ana kuranta rumman to na Timiya ake nufi can cikin duwatsun Ayar, shi ya sa in na kai nawa kasuwa aka ce "wannan na nan ne?" nakan ji daɗi har raina.

To bara cikin wata na takwas, lokacin da marka ta zauna aka yi kwana da kwanaki sama a rufe, sai yaron da ke min ban ruwa ya kira ni a waya ya ce Baba zo ka ga ganyen rumman yana zuba. Na hau moto na je. Abin da na tarar, ganye ya yi ɗigo ɗigo, wasu ƙanana kamar kan allura wasu sun haɗe sun yi faɗi, launin ƙasa mai duhu an zagaye shi da rawaya, ƙasan itacen kuma ganye ne birjik kamar lokacin hunturu. Ɗiyan da suka kai girman ƙwan kaza su ma sun yi tabo baƙi mai sheƙi kamar an ɗiga musu man gyaɗa, wasu sun tsage daga kan tabon. Na ɗauki guda na riƙe a hannu na daɗe ina kallo, wallahi ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Washegari na shiga shago na farko da na gani na ce ganyen itacena na zuba yana tabo. Ko tambaya ɗaya ba a yi min ba, aka miƙo min kwalbar maganin ƙwari irin wanda ake fesa wa wake, jika 4, aka ce in fesa sau biyu zai tsaya. Na fesa sau biyu. Warin maganin ya cika garka, zuma da ke zuwa furen gwaba suka ɗauke ƙafa, cuta kuwa ta ci gaba da aikinta har ta haura kan tsofaffin itatuwa guda 3 da ke kusa. Kwana 12 na ɓata a haka, kuma daga baya na gane waɗannan kwanakin su ne suka fi min tsada ba jika 4 ɗin ba.

Wani maƙwabcin garka ne ya ce in je wurin wannan dattijon. Shagon ƙarami ne, in mutum uku suka shiga ya cika, buhunan takin zamani a gefe, irin albasa da na salati da kabeji a gwangwani, famfon feshi na goyo guda biyu a rataye. Na gaishe shi na fara bayani sai ya ɗaga hannu ya ce "ɗana, ina ganyen?" Na ce ban zo da shi ba. Ya ce "to koma ka kawo, ganye da reshe da ɗa guda, ka sa a leda ka ɗaure bakin, kada ka zubar min da su a hanya kusa da garkar wani." Gaskiya a lokacin raina ya ɗan sosu don tafiyar ba kusa ba ce ga kuɗin mai, amma na koma na kawo da la'asar.

Abin da ya yi shi ne ya fito ƙofar shago ya ɗaga ganyen sama saitin rana ya ce in matso in duba ta bayan ganyen. Sai na ga ƙananan ɗigon da ba su riga sun yi baƙi ba haske na ratsa su kamar takardar da aka naɗe ƙosai a ciki, maiƙo maiƙo. Ya ce "ka ga wannan maiƙon? ƙwaro ba ya yin haka." Ya juya reshen ya nuna min daidai gaɓa, wurin da ganye ke fitowa, ya yi baƙi ya zagaye reshen ɓawon ya tsattsage, ya ɗan lanƙwasa shi kaɗan sai ya karye ɓas daga wurin. Sannan ya ɗauki ɗan rumman ɗin ya bi tsagar da farce, ya ce in lura ta taso ne daga tsakiyar tabon ta rabu biyu kamar gwafa. Ya ce rumman na tsagewa don ƙishi ma, in ka bar shi ya bushe sannan ka ɗura mishi ruwa da yawa lokaci guda, amma wannan tsagar tsaf take ba tabo ba maiƙo. In kuma tsutsa ce za ka ga huda da kashinta a bakin hudar. In fumfuna ce tabon a bushe yake ba ya sheƙi. Nawa kam ya ce alamomin bakteriya ne, ƙwayar cuta da ido ba ya gani, kuma ya ce in ina son tabbaci na takarda in kai samfur sarwis ɗin kare tsirrai ko wurin mutanen INRAN, wato cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, don su ke da kayan awo, shi ido da gogewa kawai gare shi. Wannan maganar ta ƙara min yarda da shi.

Daga nan ya zaunar da ni a kan benci ya ba ni labarin cutar, ni ma da na koma gida na sa ɗana da ke jami'a ya ƙara bincika min, maganar ta zo ɗaya. Sunanta a wurin masana Xanthomonas, irin da ke kama rumman. A Indiya aka fara ganinta, a Delhi a 1952, ta daɗe ba a ɗauke ta a bakin komai ba, sai da noman rumman ya bunƙasa a jihohin Maharashtra da Karnataka da Andhra Pradesh, aka cika gonaki da iri ɗaya da suke kira Bhagwa wanda ba ya da juriyarta, sannan ta zama annoba har manoma suka riƙa tumɓuke gonaki ɗungum. Su can suna kiranta telya, daga kalmarsu ta mai, saboda wannan maiƙon dai da na gani da idona. A garin Solapur har cibiya guda gwamnatinsu ta kafa a 2005 don binciken rumman kaɗai. An kuma ba da rahotonta a Afirka ta Kudu a 2010. Dattijon ya ce danginta ba baƙi ba ne a wurinmu, akwai 'yar uwarta da ke ƙona ganyen wake da damana, akwai ta auduga, akwai ta lemu, akwai wadda ke sa mangwaro baƙin tabo, gida ɗaya ne amma kowace da itacenta. Na tambaye shi ko ta rumman za ta haura kan mangwarona ya ce a'a, ka kwantar da hankalinka ta wannan gefen.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da na ce to Baba ba ni maganin da zai kashe ta. Ya dube ni ya ce "ɗana babu shi. Ba ni da shi, kuma wanda ya ce maka yana da shi kuɗinka yake so." Ya ce in ta riga ta shiga cikin reshe ba abin da za ka fesa daga waje ya bi ta ciki ya fiddo ta, abin da yake sayarwa garin tagulla ne, aikinshi ya zauna a bayan ganye mai lafiya ya tare ƙwayar kafin ta shiga. Mai shago ne fa, ga kaya jibge a bayanshi, ga ni na zo da kuɗi a aljihu a ruɗe, da ya ce in sayi kwalba biyar da na saya.

Ya ce tana tafiya ne da ruwa. Ɗigon ruwan sama ya faɗi kan ganye mai cuta ya fantsama kan na kusa, iska ta kaɗa ta kai gaba, ta shiga ta ƙananan ƙofofin numfashin ganye ko ta rauni, rumman kuma ga ƙaya, iskar hadari na kaɗawa reshe na soke ɗa. Zafi da laima take so, kamar daga digiri 25 zuwa 35, wato dai watan takwas ɗinmu sak. Sai ya tambaye ni yaya yaro ke ban ruwa da rani, na ce da tiyo yake fesawa daga sama don ya wanke ƙura. Ya girgiza kai ya ce ku daina, a gindi za a zuba. Ya tambaye ni da me nake sassabe, na ce almakashi guda ne da adda guda duk garkar. Ya ce to kai da hannunka kake raba ta daga itace zuwa itace. Sannan ya tambayi waɗanne suka fara, na ce sababbin nan 5. Bai ce komai ba sai ya ce nan gaba in zan sayi dashe in je in ga uwar itacen da aka yanko da idona, kuma cikin damana ba da rani ba, don reshen dashe na iya ɗauko ta a ɓoye ya yi wata da watanni ba alama. Wannan wurin ya yi min ciwo don na san ni na kawo su na dasa kusa da na Baba.

Aikin da ya ba ni kusan duk ba na saye ba ne. In jira ranar da ba hadari ganye ya bushe, in yanke duk reshen da ya yi baƙi, in sauko ƙasa da tabon kamar yatsa uku in yanka a wuri mai lafiya, duk yanka ɗaya in tsoma almakashi a ruwan jabel, wato bilic ɗin wanke kaya, kafin in taɓa wani itace, in an gama a wanke a shafa mishi mai don jabel na sa tsatsa. In tsinke duk ɗan da ya yi tabo ko da ya kusa nuna. In share ganyen da ya zuba tas in haɗa da rassan in ƙone, kada in zuba a ramin taki kada in ba awaki a cikin garka, don ƙwayar na iya zama a busasshen ganye har watanni tana jiran ruwa. Wanda cutar ta kai gangar jikinshi kuma a tumɓuke shi gaba ɗaya. Na tumɓuke 3 daga cikin sababbin. Ranar ƙonawa ni da yaro mun cika buhu 2 da ɗiyan rumman, wasu har sun fara ja, hayaƙin na tashi yana wani ƙamshi mai ɗan zaƙi, yaron ya ce Baba ko guda ba za a bari ba, na ce ko guda.

Abin da na saya a wurinshi garin tagulla ne kore kore wanda ake damawa a ruwa, oksiklorir ake ce mishi, jika 6 da rabi ƙunshin. Ya ce giram 2 da rabi zuwa 3 a litar ruwa, famfona lita 16 ne, to giram 40 zuwa 48 kenan. Na ce ba ni da sikeli a garka. Sai ya aika yaronshi ya samo ƙaramin gwangwanin tumatir ya wanke ya goge, ya auna giram 40 a sikelinshi ya juye a ciki, ya ɗauki ƙusa ya ja layi a jikin gwangwanin daidai inda garin ya tsaya ya ce "ga sikelinka." Har yau yana nan a rataye a bukkar garka. Ya ce in fesa da sassafe ko da marece ba da tsakar rana ba don tagulla na ƙona ganye in rana ta take, in jiƙa bayan ganye ba samanshi kawai ba, in ruwa mai ƙarfi ya sauka ya wanke in sake.

Ya kuma koya min haɗin da Faransawa suka ƙirƙiro don inabinsu tun shekarun 1880 a yankin Bordo, shuɗin gishirin tagulla kilo 1, farar ƙasa irin ta shafen bango kilo 1, ruwa lita 100. Kowanne a jiƙa shi daban a bokitin roba ba na ƙarfe ba sannan a haɗa, a tsoma wuƙa mai tsabta ko sabuwar ƙusa, in ta fito da ja ja a jikinta to farar ƙasar ta yi kaɗan a ƙara, kuma ranar da aka haɗa ranar za a fesa ba a kwana da shi. Wannan ƙarfin na bayan sassabe ne, in itace na da ɗanyen ganye da ɗiya rabin haka ake yi. In aka dama shi da kauri kamar kunu kuma shi ake shafawa a bakin yanka. Ni dai kaurin kawai na yi na shafe wuraren da na yanke, itatuwan suka yi shuɗi shuɗi kamar an yi musu fenti.

To yanzu ƙorafina, don ba zan ɓoye ba. Na farko shagon ba ya da lokaci tsayayye. Sau biyu na zo daga garka na tarar a rufe, sau ɗaya kuma na tarar da yaronshi kaɗai, yaron kirki ne mai ladabi amma bai san komai a kan magani ba, a gabana wata baiwar Allah ta zo da maganar tumatirinta ya miƙa mata kwalba ba tambaya, irin dai abin da aka yi min a shagon farko. Duk darajar shagon nan a kan dattijon take, in ba ya nan daidai yake da kowane shago, ya kamata ya zaunar da yaron ya koya mishi ko da tambayar nan ta "ina ganyen" ce. Na faɗa wa dattijon haka a gabanshi ya ce gaskiyata. Na biyu, garin tagullar ya yanke mishi a tsakiyar wata na tara daidai lokacin da nake buƙatar feshi na uku, sai da na jira kwana 9 kafin kaya su iso, a cikin marka kwana 9 ba wasa ba ne. Na uku ba ya ƙulla kaɗan, dole ka sayi ƙunshi guda, mai itace biyu a tsakar gida me zai yi da wannan duka. Kuma ba safar hannu ba takunkumi a shagon ko guda, alhali shi da bakinshi yake cewa a rufe hanci da hannu a yi wanka bayan feshi, sai da na je farmasi na nemo. Rubutun jikin ƙunshin ma ƙanana ne ƙwarai kuma ba da Hausa ba, wanda bai yi lakwal ba in ya manta abin da aka faɗa mishi shi kenan. Farashi kuwa ya ɗan ɗara na wasu da kamar dala 100, wannan ban damu da shi ba ko kaɗan.

Amfanin bara kam ya tafi, abin da na samu bai kai kwando 2 ba, shi ma daga itatuwan can ƙarshen garka da ba su kamu ba. Amma zubar ganyen ta tsaya bayan sassabe da feshi na biyu, da damana ta ɗauke iska ta bushe kuma ban ƙara ganin sabon tabo ba. Ban ce ta tafi ba, dattijon ma ya gargaɗe ni cewa rani ne ke kwantar da ita, sai ruwa ya dawo za a san gaskiya. Ya ba ni wata dabara da manoman Indiya ke yi, su hana itace ɗaukar ɗiya da damana, su bari sai ruwa ya ɗauke ya yi fure don ɗiyan su girma cikin rani lokacin da cutar ba ta da ƙarfi. Ya ce mu da ke da dogon rani hakan zai iya yi mana, matsalar dai ruwa ce, kowa ya san halin ruwa a Damagaram, amma rijiyata ba ta ƙafewa sai wajen wata na huɗu don haka zan gwada a itace 4 bana in gani.

Mai rumman ko lemu ko wani itace da ya ga tabon da bai gane ba, ina ba shi shawarar shagon nan da zuciya ɗaya, amma ya je da safe kafin azahar lokacin da dattijon ke nan, ya tafi da ganye da reshe a leda ɗaure, in yaron kaɗai ya tarar ya juya ya dawo wata rana. Ni na riga na ba da kuɗin ƙunshi 2 a ajiye min tun yanzu, na sayi almakashi na biyu, kuma dattijon ya yi min alkawarin zai zo garkar da kanshi kafin ruwan farko ya duba gaɓoɓin tsofaffin nan guda 3 da suka kamu, musamman na bakin rijiya wanda Baba ya dasa shekarar da aka haife ni.